Baƙin Turai a Gidan Habboba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Juma'a da na tara wa kaina jama'a a Umdurman, duk saboda son burgewa.

A sanyin shekarar ne na kamu da ciwon kallon tsuntsaye. Na sayi tsohuwar kyamara a Kasuwar Libiya ta Umdurman, na rataya a wuya, nan da nan na fara jin kaina wani masani. Gidanmu na unguwar Alsahafa ko ciyawa babu, amma kakata, wadda muke kira Habboba, tana da lemo da gwaba a tsakar gidanta na Umdurman, ga randa tana ɗiga ƙarƙashinsu. Tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai kan sauka wurin su sha ruwa.

Sai na buga mata waya. Kullum tana yi mini gorin cewa Larabci ya cinye Hausata, don haka na gyara murya na zuba mata zalla.

"Habboba, gobe da sassafe zan zo. Akwai baƙi daga Turai da ke yada zango a gidanki. Sun ƙetare teku da hamada, ba guzuri. Hotonsu zan ɗauka."

"Ba guzuri?" in ji ta. "La ilaha illallah. Su nawa ne, Maigida?" (Haka take kirana don tsokana.)

"Wa ya sani? Wataƙila ashirin. Kunya gare su, kada a yi hayaniya."

Na kashe waya ina yaba wa kaina. Kalma ɗaya tak na manta, wato "tsuntsaye". Na kuma manta da wadda nake magana da ita: matar da mahaifinta ya tako daga Kano da ƙafa da niyyar Makka, wadda ko labarin matafiyi ta ji sai ta ɗora tukunya.

Washegari raksha mai ƙafa uku ta sauke ni a bakin layi. Tun daga nan ƙamshin turaren wuta ya tare ni. Na ce a raina, wani na biki. Ina tura ƙofa na ga an shimfiɗa dardumai har gindin gwaba, an jera kujerun aro. Ga zalabiya mai kama da fanke tuli, ga jabana, butar gahawa, kan garwashi, mata na ta kai da kawo cikin sababbin tufafi. Limamin unguwa na zaune a gaba. Ƙanen mahaifiyata, Kawu Ishaƙa, ya sha farar jallabiya da rawani, yana ta maimaita gaisuwar Turanci a ƙasan murya.

"Ya zol, ina duyuf ɗin?" ya tambaye ni, yana nufin baƙin. "Ko ka baro su a mota?"

Na duba ƙofa, na ga maƙwabta sun cike ta. Na buɗe baki, Hausar ta gudu, Larabcin ma ya bi ta.

Daidai nan wani ɗan tsuntsu fari da toka, bai kai tafin hannu ba, ya dira gefen randa yana kaɗa jela (shi kaɗai ya yi ƙarfin halin zuwa, Allah ya saka masa). Na nuna shi da yatsa.

"Ga... ga ɗaya nan."

Kowa ya juya. Liman ya gyara tabarau. Kawu ya dubi tsuntsun, ya dube ni, ya sake duban tsuntsun, sannan a hankali ya ce masa, "Ahlan wa sahlan."

Gidan ya tarwatse da dariya. Wata gwaggona har da zama a ƙasa. Ni dai Habboba nake kallo, don ita ce ta bi gida gida tana gayyata, kunyar duk a kanta za ta sauka. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Ta tako da sandarta, ta gutsuri zalabiya, ta marmasa wa tsuntsun. Sannan ta juyo.

"Maigida, tantabaruna takwas na yanka wa baƙinka. Ka roƙe shi kada ya leƙa tukunya, kada ya je Turai ya ɓata mini suna."

Mu muka shanye romon, ana ta miƙo mini ƙari "a madadin baƙi". Hoto kuwa ko ɗaya ban ɗauka ba.

Tun daga ranar, in zan yi wa tsohuwa albishirin baƙo, nakan fara da faɗa mata ko yana da fukafukai.