Tabarmar Dusa

Rubuta, 'yata. Tun da maigidana ya rasu, tabarmina suka daina fita a kasuwar Gure. Wai zanena ya tsufa. Na yi kuka na gaji, sai na ga wani zane mai kyau a jikin buhu. Na rina kaba, na saƙa shi daidai, na kai kasuwa ina taƙama.

Wani malamin makaranta ya duba, ya riƙe ciki don dariya.

"Iya, ai wannan rubutu ne! Cewa ya yi: abincin dabbobi."

Da marigayi na nan, da ya hana ni. Ba wanda ya saya, ni ke kwana a kanta. Har yau ina saƙa, ina hawaye, mata kuwa in sun gan ni sai su ce, "Iya, an zuba miki dusarki?"