Farfesan Tsirkiya Ya Ɗauki Sauti

Duk wanda bai san Farfesan Tsirkiya ba, ya yi asarar kunnuwansa. Tela ne, amma kada ka kuskura ka faɗa a gabansa. Tun ranar da ya sayo jitar lantarki ta hannu da wata tsohuwar kwamfuta, ɗinki ya zama abin da yake taimaka wa jama'a da shi don tausayi. Sunan Farfesa kuwa shi ya raɗa wa kansa, don kada mutane su wahala wajen nema.

Ɗakin ajiyar kaya ya mayar situdiyo. Ya manne bango da kiret ɗin ƙwai, ya rubuta a ƙofa: A YI SHIRU, ANA TARIHI. Matarsa ta tambayi inda za ta sa bokitai.

"Bokiti!" in ji shi. "Ina zancen duniya, kina zancen bokiti."

Abin da ya hana shi sakat ɗaya ne. Yayan matar yana aiki a gidan rediyo, kuma bayan naci na wata shida ya yarda zai zo ranar Asabar ya saurari waƙa ɗaya tak. In ta yi, a sa ta. In ba ta yi ba, kada a sake tare shi da zancen.

Kwana uku Farfesa yana ciki, hedfon a kunne, ido a rufe, kai yana kaɗawa kamar na ƙadangare. A kunnensa jita tana ruri. Abin da bai sani ba, bai nuna wa kwamfuta ta ɗauki jitar ba. Ƙaramin makirfon jikin kwamfutar ne yake ta aikinsa, yana kwashe duk motsin da ke ɗakin. Matar ta ce ko zai saurara kafin baƙo ya zo.

"Mai koyo ne ke sauraren kansa," ya ce. "Gwani ya riga ya sani."

Asabar ta zo. Farfesa ya zaunar da Yaya a kujera mafi laushi, ya kira maƙwabta su zama shaidu, ya yi jawabin minti ashirin kan yadda ba a gane masu baiwa sai sun mutu. Sannan ya ƙure sifika, ya danna.

Aka ji ƙyas-ƙyas, kamar ɓera a cikin kwali. Wannan ita ce jitar. Sai nishi. Sai gyatsa. Sai muryar Farfesa, tangararau:

"Kai! Ni ɗin ne! Allah ya yi halitta a nan!"

Maƙwabta suka fara tari. Farfesa ya daka tsalle zai kashe, kwamfuta ta ƙi, domin ita ba ta san kunya ba. Muryar ta ci gaba:

"Shi wannan yayan nata, mai kai kamar tulu, me ya sani a kiɗa? Bari dai ya sa min waƙar, in na ƙara gaishe shi a canza min suna."

Matar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Gumi ya wanke Farfesa har wuyan riga.

"Yaya, ai... salon zamani ne."

Yaya ya miƙe a hankali, ya shafa kansa, ya gyara hula.

"Gaskiya ka iya ɗaukar sauti," ya ce. "Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa jin murya ta fita tsaf haka ba. Ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba."