Rasuwar Hajja Madara, Kwalbar Ɗakin Kimiyya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, Ustaz Abdulmuminu, malamin kimiyya a wata makarantar 'yan mata da ke nan Gadarif, yake sanar da rasuwar kwalbarsa, wadda ɗalibai suka raɗa wa suna Hajja Madara saboda farin ruwan cikinta.

An haife ta daga ruwan farar ƙasa da kanwa. Ustaz ya so 'yan ajinsa su gani da idonsu cewa lu'ulu'u, wato ƙwayar dutse mai kusurwoyi irin ta gishiri, ba kullum take ginuwa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda tsohon littafi ya ce ba. Wani lokaci sai ƙwayoyin su fara taruwa cikin wani farin gajimare maras siffa, shi ba ruwa ba, shi ba dutse ba, daga baya su jeru. Wannan hali ba ya daɗewa. 'Yan'uwanta da aka haɗa kafin ita duk sun kwanta tun suna jarirai. Ita kaɗai ta tsaya, bayan ya yi ta gwajin ɗiga mata ƙaron da ya sayo a garin Doka har ya dace.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa neman komai ba sai inuwa. Maganarta ɗaya, in cokali ya taɓa gefenta: "Ƙyal."

Ajalinta ya zo ta hannun Ustaz Kamal, malamin wasanni. Motarsa ce ta yi zafi a ƙofar makaranta, mai kurar ruwa bai zo ba, sai ya shiga ɗakin da ba nasa ba. Da ya ga ruwa gurɓatacce, ya yi abin da kowa ke yi wa ruwan tafki a garin nan, ya jefa masa alif don dattin ya kwanta. Gajimaren da aka yi wata da watanni ana lallashi ya dunƙule, ya faɗi ƙasan kwalba, ya zama laka. Ustaz Kamal ya tsiyaye ruwan da ke sama ya ɗura wa lagireto. Har yau yana faɗa a ɗakin malamai cewa gyara ya yi, godiya ta kamace shi.

Marigayiya ta bar ɗalibai Ruqayya da Najwa, waɗanda za su kai ta baje kolin kimiyya na makarantu ranar Alhamis, yanzu ba su da abin kaiwa. Ta bar murfi da cokali da ragowar ƙaro.

Kowa ya san Ustaz Abdulmuminu ba ya ɗaga murya. Yana dai tuna wa jama'a cewa shi ke tsara jadawalin darussa, kuma daga mako mai zuwa duk wasannin Ustaz Kamal sun koma tsakar rana, har ƙarshen bazara.

Za a binne lakar gobe bayan darasi, a gindin darbejiyar makaranta. Zaman makoki na kwana uku a gidan Ustaz Kamal ne, daidai lokacin barcinsa na rana. Ajujuwan kimiyya duka za su zo, kowace ɗaliba da mahaifiyarta da ƙannenta. An roƙi kowa ya taho da ƙishirwarsa, ruwan sha da shayi suna kan mai gida.