Yadda Ake Fitar da Shuɗin Wardi a Gummi Har a Samu Mata

Gyara zama, ka faɗo hannun gwani. In ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari furen wardi shuɗi zai tsaya a tsakar gidanku, wadda kake so kuma ta zama taka. Ɗalibina Tasi'u, ɗan kabu-kabu a Gummi, da su ya auri Bara'atu, kuma har yau yana nan da ransa.

1. Fara da cika baki

Kada ka shuka komai tukuna. Jira sai budurwarka ta nuna maka hoton shuɗin wardi a wayarta, kamar yadda Bara'atu ta nuna wa Tasi'u a wurin zance. Ya taɓe baki ya ce, "Wanga? Ai akwai shi gidanmu." Gidansu kuwa, in ka cire zogale, ko tafasa babu. Masana sun tabbatar ƙarya ce takin farko na kowace fulawa.

2. Sayo fari

Tafi Gusau wurin masu sayar da dashe. Kada ka tambayi shuɗi, dariya za su yi maka. Sayo fari, ka dasa shi inda hantsi ke dukansa, ka zuba kashin awaki, ka barbaɗa toka don gara.

3. Kare shi daga mutanen gida

Innar Tasi'u ta tsaya a kan dashen ta ce, "Ana miya da shi?"

"A'a, Inna."

"To magani na?"

"Kallonai ɗai akai."

Ta dubi ɗanta da tausayi, sannan ta kwance awakinta. Saboda haka kewaye shi da ƙaya tun ranar farko.

4. Launi

Nemo bular wanki. Kada ka zuba a gindinsa. Tasi'u ya gwada, ƙasa ce kawai ta yi shuɗi. Jiƙa ta a murfin kwalba, ka samu gashin kaza, ka bi furen ɓawo-ɓawo kana shafawa. Kada ka bari a shinshina.

5. Karɓi baƙi da ladabi

Bara'atu ba ta zo ita kaɗai ba. Ta zo da kakarta Iya Turai, wadda ta raine ta, wadda kuma in ta ce ba aure, to babu. Tsohuwar nan ta taɓa korar wani manemi don kawai ya ce babur ɗin aro nasa ne.

Iya ta zagaya furen ta ce, "Kai angona, ban taɓa ganin irinai ba."

Ka san tarbiyyarmu: babba ya yaba abinka, sai ka ce nasa ne, shi kuma ya sa albarka ya bar maka. Tasi'u ya durƙusa ya ce, "Ai naki na, Iya."

Ta ce, "Allah shi yi ma albarka. Miƙo man hauya."

Shi ya tone shi da hannunsa, shi ya kai mata har gida a babur.

6. Bi furenka duk inda ya je

Kowane sabon fure fari zai fito, wannan ba a canza shi. Don haka Tasi'u ya tsiri zuwa gaida Iya kullum da sassafe, kwalba da gashin kaza a aljihu. In ta shiga ɗaki ɗauko masa fura, sai ya yi aikinsa. Iya ta shaida wa dangi ba ta taɓa ganin yaro mai zumunci irinsa ba. A kan wannan shaidar aka ɗaura aure.

7. Cika tankinka da mai

Iya mace ce mai kyauta. Ta yanki reshe ta aika wa ƙanwarta Habsu a Bukkuyum, Habsu ta yanka wa 'yarta da ke aure a Adabka. Duk sun kama, don wardi ba ya ƙin ƙasar da za ta tona maka asiri. Yanzu Tasi'u ya fi kowa a dangin matarsa yawan ziyara. Ran nan yana tada babur, Bara'atu ta leƙo ta ce, "Maigida, in ka dawo ka rago man bulata. Gwaggon Anka ma ta aiko a kai mata reshe."

Gargaɗi

Ni dai ilimi na bayar, ban riƙe wa kowa gashin kaza ba. Kuɗin mai, ciwon baya, da abin da zai biyo baya ranar da ruwan sama ya riga ka isa gidan Iya, duk naka ne. In kuma ka haɗu da wani mai shuɗin yatsu yana tada ƙura a babur ta hanyar Adabka, ba shi hanya, kada ka ce masa ka san ni.