Motar Da Take Jiran Almakashi

Ranar Talatar makon jiya da hantsi, ƙarti suka danne ni a ƙofar asibitin garinmu. Wani ya shaƙe mini wuyan riga, wani ya murɗe mini hannu, mai facin bakin tasha kuma ya zauna daram a kan ƙafata. Ba sata na yi ba. Laifina shi ne na cusa hannu cikin aljihun kawuna ina laluben mukullin motar ɗaukar marasa lafiya, a daidai lokacin da yayata take kwance a ɗakin haihuwa jini yana zuba.

Bari in fara gabatar muku da motar, don ita ce mai daraja a garin nan, mu duk 'yan rakiya ne.

Ta iso tun kafin daminar bara. Ba da ƙafarta ta zo ba, a bayan babbar mota aka goyo ta, kada ta wahala. Fara ce sol, da jan zane a ciki, da fitila a ka. Gilasan baya baƙaƙe ne, ko ka manna goshi ba abin da za ka gani sai fuskarka. A kowane gefe an manna hoton wanda ya yi mana alherin, wato Mai Girma Inuwar Masu Naƙuda, Garkuwar Jarirai, Matashin Kan Majinyata, Allah ya ƙara masa kumatu. Hoton ya yi girman da sai ka sunkuya kafin ka ga inda aka rubuta ko motar mece ce. Ƙofar baya kuwa an ɗaure ta da jan ƙyalle, an yi masa ƙulli mai kyau kamar na kyautar amarya.

Mai riƙe wa Mai Girma jaka shi ya kawo ta. Ya damƙa mukulli a hannun kawuna, yayan mahaifiyarmu, wanda shi ne shugaban kwamitin asibiti, ya bar masa umarni guda: kada motar nan ta fita sai Mai Girma ya zo da kansa ya yanka ƙyallen an ɗauki hoto. In kuwa aka zo aka ga laka a tayarta, za a ɗauke ta a kai wa garin da ya san darajar kyauta.

Mu kuwa mun san darajar kyauta. Muka haɗa hannu muka gina mata rumfa da sabon kwano. Asibitin kansa, wanda ɗaki biyu ne da baranda, rufinsa yana yoyo, in ana ruwa sai malamar asibiti ta ja gadon haihuwa gefe ta ajiye baho a wurin, amma wannan ba komai ba ne, ai mai naƙuda ba ta tsatsa. Duk mako ana wanke motar da ruwan da mata suka ɗebo a ka. Duk mako kawu yana buɗe gaba, mai faci ya shiga ya tayar da injin, ya ba ta wuta na ɗan lokaci don kada ta yi sanyi, ya kashe, ya goge sitiyari da hularsa ya fito. Samari suna jingina da ita su ɗauki hoto. In baƙo ya zo garin, can ake fara kai shi kafin a ba shi ruwa.

Na taɓa ce wa mai faci, "Wai motar nan ta marasa lafiya ce ko ita ce mara lafiyar? Na ga ita muke jinya."

Ya ce, "Kai dai ɗan boko ba ka da godiya. Garin da ke ƙetaren rafi ko keke aka ba su?"

Na ce, "To su da ba su da ita, da me suke kai mai naƙuda birni?"

Ya ce, "Da babur."

"Mu fa?"

"Da babur mana. Amma mu muna da mota."

Ku ji fa, jama'a. Kuma da gaske yake, har da ɗaga haɓa.

To, ranar Talatar nan Yaya ta haihu. Haihuwar fari, bayan shekarun da ta yi tana nema har mutane sun fara yi mata kallon tausayi. Namiji ne, ya fito yana tsala ihu. Muna baranda muna murna sai malamar asibiti ta leƙo, hannunta jina-jina har gwiwar hannu. Ita kaɗai ce ma'aikaciyar wurin, ita ce likita, ita ce ungozoma, ita ce mai shara.

Ta ce, "Jinin ya ƙi tsayawa. Allurar da ke tsai da shi ta ƙare, na nema ba a kawo ba. Ku kai ta babban asibiti yanzu yanzu, kuma a kwance. Babur ba zai yi ba."

Duk muka juya muka kalli rumfa. Kawu yana zaune a gindinta a kan kujerarsa.

Ban yi tsammanin za a yi wata magana ba. Ga mota, ga mai a ciki, ga mai faci da ya iya tuƙi. Na ce, "Kawu, mukulli."

Ya ce, "Dakata, ɗan nan. Komai da tsarinsa. Bari in nemi izini."

Ya ciro waya ya kira mai riƙon jaka. Har da cire hula, ko da yake mutumin ba ya ganinsa. "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya ƙoƙari? Ya jikin Mai Girma?" Sai da ya gama gaishe da kowa har direban gidan, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Amsar da aka ba shi, da kunnena na ji ta, don wayar kawu ba ta da sirri: Mai Girma ba zai samu damar magana ba, yana wani babban otal yana buɗe taron ƙara wa juna sani a kan rage mutuwar mata wajen haihuwa.

Inna ta fito daga ɗaki rungume da jariri. Duk da furfurarta ta durƙusa a ƙasa gaban yayanta. Ta ce, "Yaya, 'yarka ce fa. Kai ka yi mata huɗuba."

Idon kawu ya kawo ruwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma hannunsa yana dafe da aljihu. Ya ce, "Amana aka ba ni. In na fitar da ita aka ƙwace, me zan ce wa gari? Saboda 'yata na jawo wa kowa asara?"

A nan ne na kai hannu, a nan ne kuma aka danne ni. Ana danne ni ana yi mini nasiha. "Kawunka ne fa." "Karatun ne ya taɓa shi." "Yi haƙuri, komai ya yi zafi..." Ban bari mai faci ya ƙarasa ba, na cije shi.

Mijin Yaya, wanda ya fi ni hankali, bai tsaya kokawa ba. Ya ruga bakin hanya ya tsaya a tsakiyar titi. Rana ta kusa take tsaka kafin wata akori-kura mai ɗauke da awaki ta tsaya. Direban, Allah ya saka masa, ya sa aka matsar da awakin gaba aka ɗaure su, muka shimfiɗa tabarma da zannuwa muka kwantar da ita. Malamar asibiti ta hau tare da mu, hannu ɗaya yana danne da marar Yaya, ɗaya yana ɗage da ledar ƙarin ruwa. Muka wuce ta gaban rumfa. Motar tana ƙyalli, Mai Girma yana yi mana murmushi daga gefenta.

Ba zan ba ku labarin hanyar ba, kun san irinta. Duk ramin da muka faɗa sai in ga leɓen Yaya ya ƙara fari. Tun tana amsa kirana har ta koma ɗaga yatsa.

Ta rayu. An ƙara mata jini, har da nawa da na mijinta. Amma likitan da ya fito daga ɗakin tiyata ya ce ba su da wata dabara sai da suka cire mahaifar. Ya tambaye mu, cikin gajiya ba faɗa ba, me ya tsai da mu. Na rasa ta inda zan fara masa bayanin almakashi. Yaron nan dai shi ne na fari, shi ne auta.

Da muka dawo, masu zuwa barka kowa da abin da yake faɗa: haka Allah ya rubuta. Na yarda da abin da Allah ya rubuta, a kansa aka raine ni. Amma mukulli ba a sama yake ba, yana cikin aljihun hagu na wata farar riga, na taɓa shi da yatsuna. Manyan da suke aiko mana da mota su hana mu hawa, su aiko da hoto su manta da allura, na daɗe da sallama su. Sun gano cewa mu mutane ne da ake ciyarwa da kallo, suna kuma yin sana'arsu. Wanda ya fi ƙona mini rai mu ne. Ba a turo ko ɗan sanda ɗaya ya yi gadin motar nan ba. Mu muka yi gadinta, kyauta, da ƙwanjinmu, muka hana kanmu. A ce wa mutum ga abin ceton ranka amma kada ka taɓa, ya ce na gode, har ya gina wa abin rumfa!

Jiya da la'asar sai ga kawu ya zo duba mai jego. Ya zauna a bakin tabarma, ya karɓi jariri ya yi masa addu'a, ya yi ta murza hula. Can ya yi gyaran murya. Wai an kira shi daga sama. Wai Mai Girma ya kusa samun sarari. Wai ana son ranar yanka ƙyalle a samu mai jego da sabon jariri, a kwantar da ita a cikin motar a ɗauki hoto, a matsayin wadda aka fara ceta. Shi kuwa ya ga ai ga ta gida.

Na miƙe tsaye. Ban san abin da zan yi ba, amma Inna ta riga ta kama gefen rigata.

Yaya ce ta yi magana, daga kwance, da muryar da sai ka kasa kunne. Ta ce, "Zauna, sarkin zuciya. Ɗinkina bai warke ba, kada ka sa ni tashi." Sannan ta juya ga kawu. "Zan kwanta musu, Kawu. Har murmushi zan yi in suna so. Amma mukullin nan yau zai kwana a hannun malamar asibiti. Matar tela watanta ya kama. Ba za ta hau motar awaki ba."

Kawu ya ce, "In suka ji an fitar da ita suka ƙwace fa?"

Ta ce, "Sai su ƙwace. Ni dai an riga an cire tawa mahaifar, ba a kuma nemi izinin kowa ba."

Kawu ya sa hannu a aljihu, ya ajiye mukullin a kan tabarma, ya tashi ya fita ko sallama bai yi ba.

Kafin magariba rabin gari ya taru a rumfa. Malamar asibiti ta ce tana so ta ga kayan da ke ciki, ta san abin da za ta tarar ranar da ta buƙace su. Ƙullin ƙyallen ya ƙi kwantuwa, ruwa da rana sun cinye shi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko almakashin da take yanke cibiya da shi ta datse. Wani dattijo ya yi salati kamar an yanka mutum. Tela ya ce a kwantar da hankali, yana da irin ƙyallen a shago.

Aka buɗe ƙofa. Babu gado. Babu tukunyar iskar numfashi. Babu akwatin magani, babu ko ƙugiyar rataye ledar ƙarin ruwa. Ƙarfe ne tsirara daga ƙofa har bangon ƙarfen da ya tare bayan kujerar direba, sai wata tsohuwar robar ruwa da wani ya sha ya yar. Shekara guda da ɗoriya muna wanke bayan gwangwani.

Mai faci, wanda har yanzu shatin haƙorana yana hannunsa, ya leƙa ya leƙa, ya sosa ƙeya ya ce, "To, ai ta fi ta awaki tsabta."

A karon farko ban yi masa musu ba. Na je ɗakina na naɗo katifata, muka shimfiɗa a ciki, muka ɗaure ta da igiya kada ta zame. Mijin Yaya ya lanƙwasa ƙusa ya maƙala a sama don ledar ruwa. Motar tana tashi, mai faci ya yarda zai riƙa tuƙawa, malama ta rataye mukulli a wuyanta. Ni kuma a kan tabarma nake kwana, ƙashin bayana yana yi wa Mai Girma addu'a.

Ina roƙon duk wanda yake da hanyar isa ga Inuwar Masu Naƙuda ya isar mini da saƙo cikin ladabi. In ya samu sarari ya zo, muna maraba, sabon ƙyalle yana wurin tela. Sai dai a yi masa bayani tun a hanya: katifar da zai gani a ciki tawa ce. Kada a yi kuskure a ƙaddamar da ita cikin ayyukan da ya yi mana.