Rasuwar Gwaggo Ƙorafi, Mai Sansanar Hayaƙi ta Chikaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da shiru ya dama, ni Zailani Jushi, mai kula da na'urori a kamfanin matsar man angurya da ke Chikaji, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo Ƙorafi, na'urar da ke auna iskar oksijin a hayaƙin babbar tukunyar tururinmu. Ta cika ranar Laraba da hantsi, cikin Agustan nan na 1978, bayan jinyar kwana uku. Shekararta huɗu a bakin aiki.

Marigayiya ta iso Zariya ta jirgin ƙasa, cikin akwatin katako, tare da littafin bayani mai kaurin bulo. Ni na sauke ta. Mako guda na yi ina ja mata siririn fayif na jan ƙarfe daga bututun hayaƙi, ina bin kowace mahaɗa da ruwan sabulu, in na ga kumfa in ƙara ɗaurewa. Malam Elias, gwanin na'urori da muka ɗauko daga Samaru, ya nuna mini wata kwalba a kan hanyar fayif ɗin ya ce, "Zailani, hayaƙi yana gumi. Ka bar fayif ya gangaro wa kwalbar nan, ruwan ya sauka ciki. Ko ɗigo kada ya kai mata ciki, ka ji ko?" Na ce na ji.

Da hannuna na saita mata iyaka biyu. In iska ta yi wa wuta kaɗan, allurar Gwaggo ta faɗo ƙasa da biyu, sai ƙararrawa ta ce ƙirrrr! In iska ta yi yawa muna ƙona mai a banza, allura ta haura takwas, sai ta ce tiit, tiit, tiit, har a gyara.

Mun shaide ta da gaskiya. Ba ta san manaja ba, ba ta san lebura ba. Ba ta taɓa neman hutun Sallah ko na Kirsimeti ba. Abincinta duk Litinin shaƙa biyu ne, ɗaya daga silindar da babu oksijin don ta tuna sifili, ɗaya daga mai oksijin don ta tuna sama. Aibinta guda, tsegumi. Sati, mai hura wa tukunya wuta, ba ya iya leƙawa ƙofa ya sayi rogo a wurin Nana mai abinci ba ta kai ƙararsa ba. Duk da haka shi ke goge mata gilashi da gefen rigarsa kowace safiya.

Game da ciwon ajalinta, an yaɗa cewa Sati ne ya ƙi zubar da ruwan kwalba. Har manaja, Mista Ayodele, ya ba shi takarda cewa Litinin ya kawo kakinsa ya ajiye. Sati na da 'ya'ya biyar a Zabi. Kwana biyu ina juya alƙalami, na ga ba zan iya rubuta wa mai gaskiya sanarwa da ƙarya a ciki ba.

Fayif ɗin nan ɗumi gare shi. Farkon damina ruwa ya doke ni a kan keke tun daga Jushi, na cire rigata na rataya a kansa. Kafin in gama shan shayi ta bushe ƙarau. Gregory direba ya gani, ya kawo tasa. Masu dako suka biyo baya. Kafin tsakiyar damina fayif ya zama igiyar shanyar gidan haya, har da wando da safa. A hankali ya lanƙwashe, gangarar ta juya, ruwan ya bar kwalba ya nufi cikin Gwaggo. Kwalbar da ake zargin Sati a kanta ko jiƙewa ba ta yi ba.

Kwana uku tana kira, murya na dishewa: ƙir, ƙir, gurrr. Makon ne muke da baƙi daga Kaduna, sai na tura hulata cikin ƙararrawar don a samu lafiya. Sati ya ce, "Malam Zailani, wannan kukan ba na tsegumi ba ne fa." Na ce ya je ya kula da wutarsa. Wannan magana ita ke cina har yanzu.

Ta rasu ta bar silinda biyu, da kwalba guda, da littafin bayanin da ban taɓa wuce shafinsa na tara ba, da tukunyar da yanzu ke cin mai ba mai tsawata mata. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da ƙarfe goma, a bayan motar Gregory, daga Chikaji zuwa Samaru, inda Malam Elias zai cire abin da zai moru. Kada ya wahalar da kansa da binciken abin da ya kashe ta, ga shi a rubuce. Zaman makoki a teburin Nana, kuma ana roƙon wanda ruwa ya doka ya bushe a gida.

An tura kwafin wannan sanarwa ta ƙarƙashin ƙofar manaja. In Allah ya yarda, ranar Litinin da ƙarfe bakwai Sati zai karɓi gaisuwa a gaban tukunyarsa, sanye da kakinsa. Mai son yi mini tawa ta'aziyyar ya same ni a bencin ƙofar ofishin Mista Ayodele, da hular nan a hannuna.