Madugu Norris da Noti Marar Ɗigo

Duk faɗin Yorkshire, daga bakin teku har kan tuddan da tumaki suka fi mutane yawa, ba a taɓa yin masanin tsohon babur ɗan Japan kamar Mista Norris Hebden ba. Wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa muka ji, kuma ba sau ɗaya ba. Shekara talatin ya yi yana duba ma'aunin 'yan kasuwa a ƙaramar hukuma. Da ya yi ritaya sai Allah ya tausaya wa masu sayar da dankali, ya jarrabi masu babura da shi.

Shekararsa goma sha ɗaya yana madugun ƙungiyar masu tsofaffin baburan Japan ta garin Malton. Mutum ashirin da huɗu ne, akasarinsu dattawa masu furfura da ciwon gwiwa, waɗanda ba su da buri a duniya illa ranar Lahadi ta zo ba ruwan sama, su buga kik, su cika ƙauyuka da hayaƙi, su tsaya su sha shayi. A gaban idonsa suna ce masa Shugaba. A bayan idonsa kuwa Sarkin Noti, kuma ya ci sunan. Notin da Japanawa suke ɗaurawa a wancan zamani yana da ɗan ɗigo a kansa, bai kai ƙwayar gero ba. To a wurin Norris wannan ɗigo shi ne ya raba ɗan halak da shege. Yana yawo da tabarau irin na masu gyaran agogo a aljihu, in kana ba shi labarin aikin da aka yi wa matarka a asibiti, shi yana durƙushe yana leƙa ƙarƙashin tankinka.

Nasa babur kuwa sai dai a sara masa. Kore ne shar, ƙirar 1974, mai salansa uku, ƙararsa kamar ana yaga kwanon rufi. Komai nasa na asali ne, har madubai, waɗanda suka dushe tun kafin a haifi jikokinsa. Ba a ganin komai a cikinsu sai wani abu kamar gajimare. An sha ba shi shawara ya sake su.

"Madubi na matsorata ne," in ji shi. "Madugu ba ya waiwaye. Wanda yake gaba, gaba yake kallo. Baya ta san inda za ta same ni."

Shi ya rubuta dokokin ƙungiya, guda arba'in da ɗaya, ya buga su a ɗan littafi mai bangon fata. Doka ta tara ta ce ba a hawan babur na shekarun 1970 da wayar zamani a aljihu, saboda haka kafin a tashi kowa zai zuba tasa a gwangwanin biskit a bar shi a shagon shayi. Doka ta uku ta ce ba mai wuce madugu a kan hanya. Doka ta ɗaya kuwa ta ce duk wanda ya shigo da ayari bakin tekun Whitby a Babban Hawa na ƙarshen bazara, shi ne madugun baɗi, shi zai sa rawayar riga mai ƙyalli. Haɗa ta ɗaya da ta uku ka ga hikima. Kowace shekara Norris yakan nuna mamaki matuƙa cewa shi ne ya sake ci.

Yadda ayari yake tafiya ba wuya. In an zo mararraba, madugu zai nuna ƙasa da yatsa, wanda ke biye da shi ya tsaya nan yana nuna wa na baya hanya. Ba zai motsa ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, sai na ƙarshen ayari, wanda ake kira mai shara, ya iso ya ɗaga masa hannu, sannan ya koma cikin layi. Mai shara ita ce Glenys Ackroyd, tsohuwar direbar motar asibiti, mai wani ɗan jan babur da ya ci hanya har fentinsa ya koɗe, da jakar sifanu ɗaure a baya. Shekara goma sha ɗaya tana tsince mutane a mararraba, tana busa wa wannan fulogi, tana tsiyaya wa wancan fetur. Norris bai taɓa ganin ko ɗaya ba, tunda a baya ake yi. A fahimtarsa ƙarshen ayari wurin ragwaye ne.

Laifin Glenys ɗaya. A taron watan Yuli ta ɗaga hannu ta ce, "Shugaba, in ba mai wuce ka, ta yaya wani zai riga ka shiga Whitby?" Aka yi dariya, wasu har da buga tebur. Norris bai yi ba. Ya gane rigarsa ake hari, kuma a shekarar da ƙungiya take cika ashirin da biyar, shekarar da jaridar gunduma ta yi alkawarin turo mai ɗaukar hoto bakin teku. Ya riga ya ba mai wanki rigar, ya kuma gwada tsayuwa iri uku a gaban madubin banɗaki, wanda shi ana gani a cikinsa.

Ranar Babban Hawa aka hallara a shagon shayin Doreen. Aka zuba wayoyi a gwangwani. Norris ya hau dakali ya gyara murya.

"'Yan'uwa, yau tarihi yana kallonmu. Na zana hanya da kaina, ta cikin ƙauyuka, mararraba talatin da ɗaya. Ba zan shiga gaban kyamara da gwanjo a bayana ba. Za a yi bincike."

Ya fara daga gaba yana duba babura ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya tsallake sai ya sa hular kwano ya tayar da inji. Kafin ya kai kan Glenys, can ƙarshen layi a bayan shagon, ƙara ta cika wurin, ba mai jin wani. Ya durƙusa, ya maƙala tabarau. Can sai fuskarsa ta yi haske kamar an yi masa albishir da jika.

"Glenys, wannan notin na hannun birki ba shi da ɗigo."

"Na asalin ya karye a kan tudu bara, Norris. Saura kaɗan in shiga garken shanu. Ɗigo kake so ko birki?"

"Birki kowa yana da shi. Ɗigo na masu asali ne. Doka ta goma sha biyu. Yau ba da ke ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. "To, ranka ya daɗe, wa zai yi maka shara?"

"Ayarin Norris Hebden ba ya barin datti."

Glenys ta sauka daga babur. Ta cire hular kwano, ta shiga shago, ta ce wa Doreen ta ba ta shayi a babban kofi.

Kai, ranar Norris ya ji daɗin tafiya. Bai taɓa nuna ƙasa da yatsa da irin wannan ƙasaita ba. A mararraba ta farko ya ajiye Clive mai gyaran famfo. A ta biyu ya ajiye limamin cocin Slingsby mai ritaya. A ta biyar aka fara yayyafi, ya ajiye wasu tagwaye ɗaya bayan ɗaya, nisan mil guda tsakaninsu. Kowa ya tsaya cak, hannu a miƙe, yana jiran ɗan jan babur, don mutanen kirki ne masu bin doka, kuma ba wanda ya san an kori mai shara. Haka madugu ya yi ta shuka jama'arsa a gefen hanya kamar iri.

Wanda ya rage a ƙarshe shi ne Wilf Garbutt, ɗan shekara saba'in da takwas. Shi madubinsa yana aiki. Ya duba ya ga hanya fayau, ba kowa sai tunkiya ɗaya. Ya danna oda, ya sake dannawa, ya yi ta walƙa fitila. Wucewa gaba dai ba dama, doka ta uku tana nan. Norris ya ji odar har cikin zuciyarsa, ya ɗaga hannu sama ba tare da ya juyo ba, yana amsa gaisuwar talakawansa. Sannan ya nuna wa Wilf ƙasa a mararraba ta ashirin da biyu, kan tudu, inda iska take shigowa kai tsaye daga teku.

Sauran mararraba tara kuwa ya nuna su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya tsallake ko guda ba, iska tana tsayawa ta nuna wa iska hanya.

Ya shiga Whitby a hankali, ƙirji a gaba, gemu a sama. Ya tsaya daidai gaban mai hoto, ya kashe inji, ya zare safar hannu yatsa bayan yatsa.

"Baiwar Allah, ga su nan. Shekara ashirin da biyar na tarihi, babur ashirin da uku, kowane noti da ɗigonsa. Ɗauki yadda kike so."

Matar ta leƙa bayansa, ta sake leƙawa. "Su wa, malam?"

A nan ne, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, Norris ya waiwaya. Akwai motar sayar da askirim. Akwai tsuntsun teku yana jan takardar da aka naɗe soyayyen kifi a ciki.

Ita kuwa Glenys ta sha kofi biyu cikin nutsuwa. Da ta ga yayyafi ya zama ruwa sosai sai ta tuna gwiwoyin Wilf, ta ja tsaki, ta ɗaure gwangwanin wayoyi a kan jakar sifanu ta kama hanya. Ta tarar da Clive ya jiƙe sharkaf, hannunsa ya sandare. Ta ɗaga masa hannu don ya shiga gabanta yadda aka saba.

"A'a, wuce gaba, 'yar'uwa," in ji Clive, haƙoransa suna haɗuwa. "Yau na ƙoshi da bin namiji."

Haka ta yi ta tsince su, kowa ya ji labari sai ya yi ashar gwargwadon tarbiyyarsa ya shiga bayanta. An ce har limamin ya faɗi wata kalma da ba a taɓa jin ta a Slingsby ba.

Awa biyu Norris ya yi yana kai da kawo a bakin teku, yana bayyana wa mai hoto cewa jama'arsa ba su da horo. Sai ƙasa ta fara rawa. Babur ashirin da uku suka gangaro cikin hayaƙi, ɗan ja mai noti marar ɗigo a kan gaba. Norris ya ruga tsakiyar titi da rawayar rigarsa, hannu biyu a sama, yana ihu su tsaya, su koma bayan gari, a sake shigowa yadda ya dace. Mai hoto ta danna.

"Wannan babur korarre ne!" in ji shi. "Doka ta goma sha biyu!"

Wilf ya sauko da ƙyar, ya zaro littafin dokoki daga aljihu, ruwa yana ɗiga daga bangon fatar. "Doka ta ɗaya, Shugaba. Wanda ya shigo da ayari. Ban ga an ce wanda ya shigo da noti ba. Kai ka rubuta, mu namu biyayya. Ciro rigar, mutumina, kada sanyi ya kama Glenys."

Hoton ya fito ranar Alhamis, rabin shafi guda. Norris yana ciki, ba a zalunce shi ba. A ƙasa an rubuta cewa Misis Glenys Ackroyd ce take shigowa da ayarin shekara ashirin da biyar, yayin da ma'aikacin wurin ajiye motoci yake nuna musu inda za su tsaya.

Amma masu babura ba su da riƙo. Lahadin da ta biyo baya, saboda girmamawa, aka ba Norris matsayi na biyu, daf da bayan sabuwar madugu. Ya karɓa da alamar wanda ya yafe wa duniya. Ba a yi mil uku ba aka zo mararraba ta farko, gefen wata gonar alade, Glenys ta nuna masa ƙasa da yatsa. Ya tsaya. Babura suka yi ta wucewa suna danna masa oda.

"Clive!" ya ƙwala kira. "Wa yake shara yau?"

"Wilf! Na baro shi yanzu aka kawo masa shayi. Ya ce a gaishe ka."

Masu gonar sun ce mutumin ya yi tsayuwa mai kyau, hannu a miƙe yadda doka ta tanada. Sai dai ko tarakta ce ta yi tari daga nesa, sai ka ga ya juya da sauri yana leƙen hanya. Ashe dai wuyan yana juyawa.